Chaibou Bahago da Amortisar Baya

Da an sallame sallar asuba, Malam Chaibou ba ya komawa gida. Yakan biya wurin mai kunu ya karɓi nasa a kwano, ya wuce rumfarsa da ke Sabon Garin Agadas, kusa da inda masu albasar Tabelot ke sauke buhunansu. Sai ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya share, ya shimfiɗa tsohon buhu, ya jera kayan aikinsa a kai. Duka a gefen hagu yake jera su, domin da hagu yake aiki, kuma da wannan ne garin ya san shi. In ka tambayi Chaibou a tasha, za a ce maka wane Chaibou. In ka ce Bahago mai amortisa, ko mai tallan ruwa zai nuna maka hanya.

Ƴan kabu-kabu ne ke fara zuwa, tun rana ba ta yi zafi ba. Bayansu sai masu garka, wato manoman lambu, da suka kwana a gari, sai masu shirin fita daji. Duk wanda ya zo, sai ya amsa tambayoyi kafin a taɓa motonsa, wato babur ɗinsa: me yake ɗauka, wace hanya yake bi, wa yake goyawa a baya. Wanda ya aiko da moto ya ce a gyara zai zo ya ɗauka, Bahago mayar masa da shi yake yi. Yakan ce ba ya gyaran moto in babu mai shi, don bai iya auna nauyin mutumin da bai gani ba.

Ga wanda bai taɓa duƙawa ya leƙa ƙarƙashin sirdinsa ba, amortisa su ne ƙarafan nan biyu masu murɗaɗɗen resor, wato sifirin, da ke tsaye tsakanin sirdi da tayar baya. Resor ɗin ne ke ɗaukar nauyi, man da ke cikin bututun kuma shi ke hana moto tsalle-tsalle kamar ɗan akuya bayan ya faɗa rami. In suna lafiya, ba ka ma san da su ba. In sun mutu, bayanka ne ke biyan kowane dutse, kuma hanyoyinmu na Abzin ba su san tausayin baya ba.

Da igiya da alli yake fara aiki a kan kowane moto. Yakan ɗaga bayan moton har taya ta bar ƙasa, ya auna daga tsakiyar taya zuwa sirdi, ya yi ƙulli a igiyar. Sannan ya ce mai shi ya hau, da kayansa, da wanda yake goyawa in akwai, ya sake aunawa. Abin da yake nema shi ne moton ya zauna kashi ɗaya cikin uku na iyakar nutsewarsa, a bar sauran don ramukan hanya. In ya zauna da yawa, sai ya murɗa zoben da ke ƙasan resor ya hau mataki ɗaya ko biyu. In zoben ya ƙure bai isa ba, to magana ta koma ta sake resor. Na ga alhazai da manyan rigunansu suna hawa suna sauka har sau biyar a gaban rumfar nan, suna ta gunaguni, shi kuwa ko a jikinsa.

Ni malamin lekol ne, wato makarantar boko. Shekara tara na yi ina koyarwa a wani ƙauye da ke bayan Tabelot, ina hawan duwatsun nan da moto duk ƙarshen wata. Abin da zan faɗa a kan mutumin nan, wani na gani da idona, wani kuma na ji daga bakin waɗanda abin ya faru da su. Dalilin rubutun kuwa, ranar Juma'ar da ta wuce Malam Chaibou ya miƙa makullan rumfarsa bayan shekara talatin da huɗu yana duƙe a cikinta. Ba a yi taro ba, ba a kira ƴan rediyo ba. Na ga bai kamata abin ya wuce shiru haka ba.

Mutumin Tasawa ne. A Aderbissinat ya taso, a bakin hanyar Damagaram, yana liƙin taya wurin kawunsa. Ya shigo Agadas da ƙuruciyarsa, yana gyaran duk abin da ya lalace a jikin moto kamar sauran masu gyara. Ya auri Barira, Allah ya ba su zuri'a. Fiye da shekara ashirin ya yi a haka, mai gyara na kirki, amma babu abin da ya ware shi daga na kusa da shi. Abin da ya ware shi ya zo ne a shekarar da zinariya ta fito a Djado.

Duk wanda ke Agadas a lokacin ya san yadda garin ya koma. Mutane daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, har daga Zamfara da Katsina, kowa da jakarsa da na'urarsa ta neman zinariya. Ana loda babura a bayan manyan motoci a kai su can, don da su ake kutsawa daji neman sabon wuri, da su kuma ake ɗaukar ruwa. Moton da aka yi don mutum biyu sai a ɗora masa bido huɗu na ruwa, wato manyan jarkoki, da esansi, wato fetur, da abinci, sannan mutum biyun su hau. Amortisa ba ta kwana goma a ƙarƙashin wannan kaya. Sai wata dabara ta ɓullo a layin masu gyara: a cire amortisar gaba ɗaya, a yanko ƙarfen gini mai kauri, a liƙa shi da wuta a madadinta. Daga nan moton ba ya ƙara nutsewa, komai aka ɗora masa. Kafin shayi ya nuna an gama aikin. Mutane suka yi ta tururuwa. Wanda ya fi ƙwarewa a wannan shi ne Marwan, mai sudir da ke rumfa ta uku daga ta Bahago, mutum ne mai kyan hannu a liƙin ƙarfe.

Bahago ya ƙi. Ya ce bugun da amortisa ke shanyewa ba ɓacewa yake yi ba don an cire ta. Shasi, wato ƙarfen gangar jikin moton, shi ne zai riƙa shan shi, yau da gobe har ya tsage, kuma ba a gaban rumfa zai tsage ba. Aka yi masa dariya, aka ce tsufa ne ya fara kama shi da wuri. Rumfarsa ta koma wurin shan inuwar waɗanda ke jiran layinsu ya zo a wurin Marwan. Barira ta gaya mini cewa a watannin nan sai da ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida kafin tukunya ta riƙa hawa murhu.

Cikin waɗanda ya mayar akwai Ɗan Lami, wani mutumin Matamaye mai shekara talatin da ɗoriya, da abokin tafiyarsa Abdul'aziz, ɗan garinsu. Bahago ya zaunar da su ya yi musu bayani dalla-dalla, ya ce su rage kaya su yi sawu biyu. Ɗan Lami ya ce wurin da za su ba a yin sawu biyu. Suka yi godiya, suka tura motonsu zuwa rumfa ta uku.

Bayan wata biyu Ɗan Lami ya dawo shi kaɗai. Shasin ya karye musu a kan wani dutse, tafiyar yini da rabi a ƙafa daga inda mutane suke. Da suka faɗi, bido uku suka fashe, na huɗun ma ya tsage, yashi ya shanye ruwan suna kallo. Abin da suka tara bai fi kwano biyu ba. Abdul'aziz ya bugu a ƙugu, bai iya tsayuwa. Ɗan Lami ya yi masa inuwa da bargo a jikin moton, ya bar masa ruwan, ya tafi neman agaji. Kafin ya dawo da mota, rai ya yi halinsa.

Masu shayin da ke gefen rumfar sun ce da Ɗan Lami ya iso, Bahago ya tashi ya yi masa ta'aziyya, bai ce masa ai na gaya maka ba. Ɗan Lami ya zauna a tabarma, kansa a sunkuye. Can ya ɗago.

"Baba, gaskiya ka faɗa mini ran nan," in ji shi. "Amma gaskiyarka ba ta ɗaukar mini bido ko ɗaya ba. Ka hana ni, ba ka ba ni komi ba. Da za a maida ni ranar, wurin Marwan zan sake zuwa, don ruwan nan dole a kai shi."

Bahago ya miƙe. Ya tattara kayansa ya rufe rumfa tun kafin azahar. Barira ta ce a zaure ya zauna har la'asar, abincin da ta kai masa bai taɓa ba. Da ta matsa masa da tambaya, sai ya ce da ya tsame hannunsa ya ɗauka shi ke nan ya fita, ashe bai yi komai ba tukuna.

Kai ne, Malam Chaibou, aka gaya wa magana mai ɗaci a gaban jama'a, alhali gaskiya na wurinka, kowa kuma ya shaida. Da ka kare kanka babu wanda zai ga laifinka. Sai ka ɗauki maganar ka tafi da ita gida, ka yi ta juya ta har ka ga inda ta kama ka.

Washegari Bahago ya bi layin masu gyara yana tsintar matattun amortisa da aka cire aka yar. Buhu shida ya tara. Ya riƙa yanka su ɗaya bayan ɗaya yana duba cikinsu. Irin waɗanda ake kawo mana a rufe suke, ba a yi su don a buɗe ba, in sun mutu sai bola. Shi kuwa ya huda su, ya tsiyaye tsinkakken man da ke ciki, ya gwada mai masu kauri iri-iri, ya toshe hudar da ƙaramin bulon, wato noti. Ya aro ma'aunin masu albasa, yana auna yashi a buhu yana danne kowane resor da shi, yana rubuta iya nutsewarsa da alli a bangon rumfa. Bai shiga lekol ba, da ajami yake rubutunsa, har bangon ya cika ya koma rubutu a jikin ƙofa.

Abin da ya tsaya a kai shi ne amortisa huɗu a madadin biyu: biyun asali a inda suke, wasu biyu a ɗan karkace a gabansu, da farantin ƙarfe da zai ƙarfafa wurin da suke kama shasi. Ya haɗa a kan tsohon motonsa, ya aro na'urar sudir ya liƙa da kansa. Ya ɗaura bido huɗu da buhun yashi mai nauyin mutum, ya fita ta hanyar Azel da hantsi. Bai yi nisa da korin Telwa, busasshen rafin nan, ba liƙin ya ɓalle, taya ta cije, moton ya watsa shi a kan duwatsu. Masu garka ne suka tsince shi suka kawo shi gari a amalanken jaki. Hannun hagu ya karye a wuyan hannu, wuri biyu.

Maɗori ya ɗaure hannun, ya ce wata biyu kada ya ɗaga ko ludayi da shi. Barira ta yi faɗa, kuma tana da gaskiya. Ta ce da wannan hannun ake ci a gidan nan, ya je ya karya shi saboda mutanen da suka mayar da shi abin dariya. Ta ɗauke makullin rumfa ta ɓoye cikin kayan ɗakinta. Kwana tara makullin na wurinta. A rana ta goma ta fito ta same shi a tsakar gida, ya take resor da ƙafa, yana ƙoƙarin murɗa kile, wato sifana, da hannun dama, kile na zamewa yana sake ɗauka, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ta ce ta tsaya tana kallonsa har ƙosanta ya ƙone a kasko. Ta shiga ɗaki ta ɗauko makullin ta ajiye a gabansa. Sharaɗinta ɗaya ne: in za a sake fita gwaji, kada ya zama shi ne a kan moton.

A kwanakin jinyar ya gane inda ya kuskure. Dabarar daidai take, liƙin ne bai iya ba, kuma ya san wanda ya iya. Ya ɗauki farantin da ya ɓalle a hannun dama, na hagu na rataye a wuya, ya taka zuwa rumfa ta uku. Tun dawowar Ɗan Lami, Marwan ya daina liƙa ƙarfen gini, ya daina zama wurin shayi, in ya hango Bahago sai ya sunkuyar da kai. Da ya gan shi tsaye a bakin rumfarsa, ya ɗauka gori ne ya kawo shi. Sai Bahago ya miƙa masa ƙarfen ya ce ya duba masa inda ya ɓata.

Marwan ya jujjuya shi. Ya ce wutar ba ta ratsa ba, a sama kawai ta kwanta, farantin kuma ya yi siriri. Kamata ya yi ya rungume bututun shasin gaba ɗaya, ba a manna shi a gefe guda ba. Yana gama faɗa ya mayar masa da ƙarfen, ya ce shi da wane ido zai sa hannu cikin wannan aiki bayan abin da ya faru.

"Ni na ƙi, mutum ya mutu. Kai ka yi, mutum ya mutu," in ji Bahago. "Ba wanda ya fita cikinmu. Ɗauko wutarka mu tafi."

Wata uku suka yi tare, ɗaya na zane da hannun dama, ɗaya na liƙi. Sun lalata shasi biyu a kan hanya. A haɗi na biyu moton ya yi tauri, in babu kaya sai ya riƙa harbi kamar jaki. A na uku ya yi laushi har taya na gogar ƙarƙashin sirdi. Daga ƙarshe suka gane cewa biyun nan da ke karkace bai kamata su shiga aiki sosai ba sai kaya ya yi nauyi. Bahago ya samu hakan ta hanyar ɗora guntun resor mai laushi a kan mai tauri, da zobe a tsakaninsu.

Sai maganar wanda zai hau a gwada a doguwar hanya. Ɗan Lami ya riga ya je Matamaye ya kai wa dangin Abdul'aziz labari da bakinsa, ya dawo Agadas yana dako a wurin masu albasa, bai sake marmarin daji ba. Da ya ji ana neman mai hawa, ya zo da kansa. Bahago ya ƙi, ya ce ya isa haka, ya ga abin da ya gani. Ɗan Lami ya ce duk Agadas babu wanda ya fi shi sanin ƙarar da shasi ke yi kafin ya karye, in ya ji ta zai tsaya. Aka ba shi moton.

Sau uku ya je Tabelot ya dawo cikin kwana goma, yana tafiya da bido huɗu da buhun yashi, yana dawowa da albasa. A dawowa ta uku ina wurin, na sauko gari karɓar littattafan ɗalibai. Aka kwantar da moton a ƙasa, aka wanke wurin liƙin da esansi, Bahago ya barbaɗa garin alli a kai, don ko tsaga ce kamar silin gashi za ta nuna. Mutane sun kewaye, har masu dariyar da. Ya duba, Marwan ya duba, shi ya sake dubawa yana bi da farce. Babu komai. Ya miƙe ya yi hamdala a hankali, ya tambayi Ɗan Lami yaya bayansa. Ɗan Lami ya ce lafiya lau. Yana faɗin haka ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa, aka ƙyale shi har ya gama.

A nan ne wani zai ja labule ya ce sirrinsa ne, kuma an ba Bahago wannan shawarar. Shi kuwa ya tara masu gyara na layin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya zana abin a bango da girmansa da kaurinsa, ya ce kowa ya ɗauka. Ya ce babura sun fi ƙarfin hannunsa, in shi kaɗai ke yi, rabin masu fita daji da ƙarfen gini za su ci gaba da fita. Abin da ya roƙa shi ne kada wanda ya haɗa bai auna mai moton da kayansa ba, kuma a riƙa gaya wa kowa cewa amortisa huɗu ba ta mayar da moto raƙumi, akwai nauyin da ba a wucewa. Ba zan ce kowa ya bi ba. Har yau jefi-jefi ana ganin mai ƙarfen gini ya shigo gari daga wani wuri. Amma a layin Sabon Gari an daina.

Bayan shekara biyu wata buƙata ta zo masa, akasin ta farko. Souwaiba ungozoma ce ta gidan likita, ƴar Damagaram, da aka turo aiki yankin da nake koyarwa. Akwai gidajen masu garka can saman kori inda mota ba ta isa. In haihuwa ta yi gardama, a moto ake sauko da mace zuwa inda ambilans ke iya tsayawa. Souwaiba ta ce ta sha ganin macen da hanya ta ƙarasa mata abin da naƙuda ta fara. Ta sauko Agadas da moton gidan likitan da matuƙinsa Nasser, ta gaya wa Bahago cewa ita ba ƙarfi take nema ba, laushi take so.

Ya ce bai iya gyara don hanyar da bai gani ba. Ya rufe rumfa kwana huɗu ya bi su, a ɗakina ya sauka. Ya hau bayan Nasser suka bi hanyar sama da ƙasa, yana sauka a kowane mugun wuri yana duba tudun dutse da zurfin rami, da hannun nan nasa da ba ya son girgiza. Ya sa resor dogaye masu laushi, da mai mai ɗan kauri don kada moton ya riƙa lilo. Ya ƙara wa sirdi tsawo, ya yi masa majingina, ya rage iskar tayar baya. Sannan ya sa suka hau su uku, Nasser a gaba, Souwaiba a baya, wata mata mai jiki da ta yarda ta taimaka a tsakiya, ya auna, ya gyara, ya sake aunawa. Kafin ya tafi ya zaunar da Nasser ya gaya masa cewa rabin amortisa a hannun matuƙi take, ya nuna masa wuraren da zai bi a hankali ko ana kuka a bayansa.

Cikin bazarar shekarar, wata safiya ina cikin aji na ji ƙarar moton. Na leƙa na gan su suna saukowa a natse, an ɗaure wata mace da rawani a jikin Nasser, Souwaiba na rungume da ita ta baya. Hajara ce, matar wani mai garka, uwar ɗaya daga cikin ɗalibaina. Ta haihu da asuba, jini ya ƙi tsayawa. Suka kai ta inda mota ke jira. Bayan kwana tara ta dawo da ƙafarta, da ɗiyarta a goye.

Da na tambayi Souwaiba, ta ce kada in taɓa rubuta cewa ƙarfe ya ceci mace. Allah ne ya cece ta, sai likitocin da suka ƙara mata jini.

"Amma Mushe," ta ce, don haka ake kiran malamin lekol a wurinmu, "ranar ce ta farko da na sauko hanyar nan hannuna na kan cikin mace ina danna mata, ba a kan ƙarfe ina riƙe kaina kada in faɗi ba."

Da na kai wa Bahago labarin ya yi hamdala, ya tambayi sunan jaririyar. Sai kuma ya tambaye ni ko robobin amortisar sun fara tsagewa, ya ce in gaya wa Nasser ya kawo moton kafin wata ya ƙare.

Bahago na Barira, mai auna mutum kafin ya taɓa ƙarfe. Kai ne ka karya hannun da kake ci da shi don neman abin da ba wanda ya sa ka nema. Kai ne ka taka zuwa rumfar wanda kowa ke jiran ka kunyata, ka ce ya koya maka. Mata nawa suka sauko daga saman kori a kan aikinka ba su san sunanka ba, kuma ba ka taɓa neman su sani ba.

Hannun hagun bai koma daidai ba. Yanzu yatsu biyu ba sa lanƙwasa, kile na suɓuce masa, ido ma ya ragu. Ya ce ranar da ya ɗaure bulon ya kasa tabbatarwa ko ya ɗauru, ranar ya san lokaci ya yi, don bulon ɗin amortisa ba a yi masa wataƙila. Ya miƙa wa Ɗan Lami makullan. Tun bayan gwajin nan Ɗan Lami bai bar rumfar ba, shekara goma ke nan, ya kawo iyalinsa Agadas, furfura ta fara fito masa. Marwan na nan a rumfa ta uku, shi ke musu liƙi har gobe.

Ranar Lahadi na je gidan Bahago a unguwar Dagamanet in karanta masa abin da na rubuta. Na ɗauka zan same shi kishingiɗe a tabarma. Barira ta nuna mini sama da haɓa. Na hau na same shi a kan soro cikin rana tsaka, tsugune gaban kwalabe biyar na mai, kowace da irin nata, kowace da ɗan ƙwallon ƙarfe a ciki. Yana kifa kwalba yana kallon yadda ƙwallon ke nutsewa. Ya ce abu ɗaya ne ya gagare shi duk shekarun nan: in bazara ta tsananta, man amortisa yakan tsinke bayan doguwar tafiya, moton ya fara tsalle daidai lokacin da matuƙi ya gaji. A da bai da sukunin bin maganar, yanzu ya samu. Na ce masa ai cewa aka yi ya huta.

"Hannu ne ya aje aiki, Mushe," in ji shi. "Kai bai aje ba."

Ya saurari rubutun har ƙarshe yana kifa kwalabensa. Ya ce in cire kirarin, in kuma tabbatar sunan Marwan ya fito da kyau. Na biyun na yi. Na farkon kuwa, sai dai ya yi mini afuwa.

Mun gode, Malam Chaibou. Ƴan kabu-kabu sun gode, masu albasa sun gode, da mu malaman ƙauye da muka kai ƙarshen aikinmu bayanmu a miƙe. Ku kuma masu sana'a a hannu, masu gyara da magina da maɗinka da mu masu alli, ga abin koyi a kusa da ku, ba sai kun je nesa ba. In kun hana mutum abin da zai cuce shi, kada ku tsaya nan ku ce kun sauke nauyi. Ku zauna ku nemo masa abin da zai yi a madadinsa, ko zai ɗauke ku watanni, ko sai kun je ƙofar wanda ba ku so zuwa ba. Abin da kuka gano kuma ku zana shi inda kowa zai gani.

Allah ya saka maka da alheri, Bahago, kai da Barira da ta jure. Ya ƙara wa idonka haske, ya sassauta maka hannun nan, ya kuma nuna maka kwalbar da kake nema.